Daga Kukawa zuwa gadar Gamboru: tarihin yarjejeniyoyin kwastam da suka shafi kasuwancin Maiduguri



Duk wanda ya taɓa shiga Keke Napep a Maiduguri ya ji ana kiran "Kwastam! Kwastam!" Sunan ma'aikata ya koma sunan unguwa, har yaro ɗan shekara goma zai kwatanta maka wurin ba tare da ya san aikin da ake yi a cikin ofishin ba. Wannan ɓangaren gari shi ne bakin hanyar da ta fita ta Muna, ta bi Mafa da Dikwa har Gamborun Ngala, ta tsallaka Kamaru ta dangana da Njamena. Abincin gidaje da yawa a cikinmu ta wannan hanya yake zuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gardamar da ta tashi bayan zamanmu na ƙarshe, tsakanin dattawanmu biyu masu kai kaya ƙetare. Ɗaya ya dage cewa takardar ECOWAS tana raka kaya har cikin Chadi, ɗayan ya ce ko gadar Gamboru ba ta tsallakawa. Aka juyo kaina wai in raba gardama tunda ni ke riƙe da littafi. Na ce a ba ni lokaci, domin amsar gajeriya ce amma tushenta na da nisa.

Kafin zuwan Turawa babu kwastam irin na yau, amma akwai kuɗin fito. Ayarin fatake da ya taso daga Kano zuwa Kukawa, birnin da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, yakan ratsa ƙasashen sarakuna da dama, kuma a kowace ƙasa madugu ne ke shiga gaba ya yi gaisuwa ya daidaita abin da za a biya. In an isa, baƙo ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Fatoma ne ke saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. Ku riƙe maganar fatoma, za mu dawo kanta. Babbar kasuwar Kukawa ranar Litinin take ci, kuma a ganina daga can kasuwarmu ta Monde ta gaji sunanta. Daga Kukawa wata hanya ta yi arewa ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, wata ta yi gabas, wadda maniyyata daga ƙasar Hausa suka riƙa bi da ƙafa ta Kusuri da Abeshe har Sudan.

Yarjejeniyar da ta ja wa wannan ciniki iyaka ba a Borno aka yi ta ba, kuma babu ɗan Borno ko ɗaya a wurin. A watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira daga garin Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. A 1893 Ingila ta yi wata da Jamus a kan ɓangaren gabas. A wannan shekarar ce kuma Rabe ya ci Borno ya koma Dikwa da zama. Bayan Faransawa sun kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, sai aka wayi gari daular da ta haura shekara dubu ta rabu gida uku: Dikwa a hannun Jamus, Kanem da ƙasar Manga ta arewa a hannun Faransa, sauran a hannun Ingila.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun a lokacin Turawan suka gane cewa raba ƙasa a takarda ya fi raba hanya sauƙi. Faransa na da yankuna a cikin tudu waɗanda ba su da teku, kuma hanya mafi sauƙi zuwa gare su ta ratsa ƙasar Ingila ne. Shi ya sa a yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898 Ingila ta yarda ta ba Faransa hayar filaye biyu a cikin Najeriya, ɗaya a Fokados a bakin teku, ɗaya a Bajibo a gaɓar Kwara, domin ta sauke kayanta ta ajiye ta wuce da su. Wannan shi ne asalin abin da 'yan kasuwa ke kira kayan wucewa a ƙasar nan, wato kayan da suka shigo ba don a sayar da su a nan ba. Sai kuma a 1904 da 1906 aka sake gyara iyakar arewa, aka turo ta kudu, saboda Faransawa sun koka cewa layin farko ya bar su da hamada babu rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram da Tafkin Chadi. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi iyakar tana kafa alamomi, kuma a ƙarshenta na gabas kogin Komadugu Yobe ya zama iyaka. Mutanen Damasak da na Difa ruwa ɗaya suke sha, amma daga ranar kayan da ya tsallaka kogin ya zama kayan ƙasar waje.

A cikin wannan yanayi aka kafa Yerwa a 1907, Shehu Abubakar Garbai ya tare. A shekarar ce kuma gwamnatin Arewa ta soke kuɗin fiton da Lugga ya ɗora wa ayarin fatake a cikin ƙasa. Tun daga nan harajin kaya ya tattara ya koma bakin teku da bakin iyaka. Ita kuwa Dikwa, bayan Jamus ta sha kashi a yaƙin duniya na farko ta dawo hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, kuma sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 ta zama Najeriya sosai. Da ƙuri'ar ta tafi ɗaya ɓangaren, da iyakar Kamaru na nan kusa da mu fiye da yadda take yau.

Shekarar 1964 na da muhimmanci a wannan tarihi, don abubuwa uku suka faru a cikinta. Ranar 22 ga Mayu, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da shugabannin Kamaru da Chadi da Nijar, wato Ahmadu Ahijo da Tombalbaye da Diori Hamani, suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort Lami, garin da ya koma Njamena a 1973. A shekarar ce jirgin ƙasa ya iso Maiduguri, bayan an shimfiɗo layin dogo daga Kuru kusa da Jos. Daga nan kayan Chadi suka samu hanyar sauka a tashar jirgin ruwa, su hau jirgin ƙasa har Maiduguri, a ɗora su a manyan motoci zuwa Fort Lami. Tsofaffin leburorin tasha na iya ba ku labarin wancan zamani. Abu na uku shi ne wanda ya haifi gardamar dattawanmu. Ranar 8 ga Disamba, a Barazabil, Kamaru da Chadi da maƙwabtansu na Afirka ta Tsakiya suka sa hannu a kan haɗakar kwastam tasu ta kansu mai suna UDEAC, wadda ta fara aiki a 1966. Chadi ta fice a 1968 ta dawo a 1984, kuma a 1994 aka sa hannu a Njamena a kan ƙungiyar da ta gaje ta, CEMAC.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, ranar 28 ga Mayun 1975, aka kafa ECOWAS a Legas. Najeriya da Nijar suka shiga ciki. Kamaru da Chadi ba su taɓa shiga ba. Ke nan katangar da ta raba manyan gidajen kwastam biyu na Afirka ta biyo ta ƙofar gidanmu, ta bi kogin da ke tsakanin Gamboru da Fotokol, ta kuma ratsa tsakiyar Banki da Amchide, garuruwa biyu da baƙo zai rantse gari ɗaya ne. Ko kuɗin ma haka yake. Sefar da ake kashewa a Difa daban take da sefar Kusuri, duk da darajarsu ɗaya, kuma masu canji a kasuwanninmu sun fi kowa sanin haka.

Bari in tsaya kaɗan a kan abin da ECOWAS ta shimfiɗa, domin a nan ake yawan ruɗewa. A 1979 aka amince da 'yancin zirga-zirgar mutane ba biza, aka kuma fara tsarin ɗauke haraji a kan amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu na ƙasashen ƙungiyar, wanda aka faɗaɗa zuwa kayan masana'antu a 1990. Amma yarjejeniyoyin da suka shafi kwastam kai tsaye guda biyu ne, duka an sa musu hannu a Kwatano ranar 29 ga Mayun 1982.

Ta farko ta kayan wucewa ce ta hanyar mota. Misali ɗan kasuwar Difa ya yi odar kaya suka sauka a Apapa. Harajinsu na Nijar ne, ba na Najeriya ba. Amma in aka bar motar ta kama hanya haka kawai, me zai hana a sauke kayan a Kano a sayar, ƙasashen biyu duka su yi asara? Sai aka tsara cewa a cike takarda ɗaya tun daga inda kayan suka taso, a liƙa wa motar hatimi, a kuma samu wanda zai tsaya a matsayin lamuni, in kaya sun ɓace a hanya shi zai biya. In motar ta isa, ofishin can ya shaida wa na nan, a saki lamunin. Kun ga fatoma ya dawo, sai dai yanzu ya sa kwat. A yawancin ƙasashe masu Faransanci majalisar 'yan kasuwa ce ke wannan lamuni, a Najeriya kuwa bankin NEXIM aka ɗora wa. Ta biyu ta taimakon juna ce tsakanin hukumomin kwastam: su riƙa musayar bayani a kan masu fasa-ƙwauri da hanyoyinsu, in ɗaya ta nemi a sa ido a kan wani kaya ko wata mota ɗayar ta yi, in ana shakkar wata takarda a tambayi ofishin da ya bayar da ita.

Wannan tunani ba ECOWAS ce ta ƙirƙiro shi ba. Tun 1950 aka sa hannu a Burasel a kan kafa majalisar haɗin kan kwastam ta duniya, ta yi zamanta na farko ranar 26 ga Janairun 1953, shi ya sa kowace shekara ake bikin ranar kwastam a wannan rana. A 1994 ta koma Hukumar Kwastam ta Duniya. Ita ta fito da yarjejeniyar Kiyoto ta 1973 ta sauƙaƙa ƙa'idoji, da ta Nairobi ta 1977 ta taimakon juna, da kuma tsarin lambobin kaya na 1988, wanda ya sa buhun shinkafa lambarsa ta farko ɗaya ce ko a Legas ko a Duwala ko a Dubai. Wanda ya taɓa ganin ejan na neman lambar kaya a kwamfuta, to wannan ce.

A takarda komai ya yi kyau. Amma shekara biyu kacal bayan Kwatano, a Afrilun 1984, gwamnatin Janar Buhari ta rufe dukkan iyakokin ƙasa na tudu a lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris na 1986 a zamanin Babangida. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna "El Buhari". Kafin wannan ma, a 1983, an yi artabu tsakanin sojojin Najeriya da na Chadi a kan tsibiran tafki, aka rufe iyakar na wasu watanni. Abin da na lura da shi a duk karatun da na yi shi ne, babu wata yarjejeniya da ta taɓa hana gwamnati rufe iyaka ranar da ta ga dama. Abin da yarjejeniya ke yi shi ne ta ba maƙwabci bakin magana in an zauna sulhu. Tsakanin Najeriya da Nijar akwai wurin zaman, wato hukumar haɗin gwiwa da Janar Gowon da Diori Hamani suka kafa a 1971 mai hedkwata a Yamai.

Laifin kuma ba na gefe ɗaya ba ne, gaskiya ɗaya ce. Muddin Najeriya ta hana shigo da wani kaya ko ta tsawwala masa haraji, maƙwabta kuma suka sassauta, to kayan zai sauka a Kwatano da sunan na Nijar ne, ya hau arewa, ya juyo ya shigo ta bayan gida. Atamfa da taba sigari sun yi zamaninsu, shinkafa da motoci suka karɓa. Mu kuma man fetur mai tallafi ya riƙa fita ta kowace kafa har aka cire tallafin a Mayun 2023. Hukumomi biyu da kowace ke cin riba daga asarar 'yar'uwarta, da wuya su gaya wa juna gaskiya ko da sun sa hannu sau goma. Don rage wannan ne aka fito da harajin bai-ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2015, mai matakai biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Sai dai an bar wa ƙasashe damar ƙara wasu kuɗaɗe na wucin gadi a kai, tazarar ba ta rufe duka ba.

Abin da ya same mu daga 2009 ba sai na maimaita wa kowa ba. Ta fuskar ciniki kawai zan taɓa. A ƙarshen Disambar 2011 aka ayyana dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomi tare da rufe iyakokinsu. Ranar 5 ga Mayun 2014 aka kai mummunan harin Gamborun Ngala, ranar da kasuwa ke cike, ba da jimawa ba aka fasa gadar da ta haɗa garin da Fotokol. Banki ta faɗi a Satumbar shekarar, Baga a Janairun 2015. Bandar kifi ta daina zuwa Tashar Baga yadda aka saba, tattasan Difa ya canza hanya, shanun Chadi suka riƙa zagaye mai nisa. Daga Maiduguri zuwa Gamboru kimanin kilomita 140 ne, daga Fotokol zuwa Kusuri kimanin 100, sai gadar Ngeli ka shiga Njamena. Wannan 'yar tafiya ta yini guda ita ce ta gagara, alhali daga Duwala zuwa Njamena ana cin kusan kilomita 1,800. Sai a 2016 aka sake buɗe hanyar Dikwa, ita ma da rakiyar sojoji. A waɗannan shekaru haɗin kan da ya yi aiki a yankin tafki na soja ne, rundunar haɗin gwiwa mai hedkwata a Njamena. Na kwastam ya koma baya, don ba a maganar hatimi a hanyar da mota ba ta bi.

Muna cikin farfaɗowa sai ga rufewar Agustan 2019, wata guda da 'yan kwanaki bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai, ranar 7 ga Yuli, a kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka baki ɗaya. Har yau in na tuna jerin waɗannan ranaku biyu nakan yi murmushi. Da aka fara buɗewa a Disambar 2020, iyakoki huɗu aka ambata: Seme, Illela, Maigatari da Mfum. A Afrilun 2022 aka ƙara Idiroko, Jibiya, Kamba da Ikom. Ku duba da kyau, babu ta Borno ko ɗaya a jerin biyun.

Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da takunkumin ECOWAS, da sake rufe iyaka har Maris na 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A nan ne nake so kowa ya buɗe ido. Jihar Borno ta yi iyaka da ƙasashe uku, kuma daga wannan rana babu ko ɗaya a cikinsu da ke ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku da suka fice, a kuma ci gaba da ɗauke wa kayansu haraji kamar da, har sai an sanar da wani sabon tsari. Wannan alfarma ce ta wucin gadi. Wanda zai zuba jarinsa a tattasai ko kanwa ta hanyar Damasak ya san a kan me yake tsaye.

Wani abin da ya haɗa mu da maƙwabtan uku a lokaci guda shi ne yarjejeniyar Afirka, wadda aka fara sa wa hannu a Kigali ranar 21 ga Maris na 2018, aka ce ciniki a ƙarƙashinta ya fara ranar 1 ga Janairun 2021. A cikinta akwai babi na haɗin kan kwastam da taimakon juna, akwai na kayan wucewa, kusan irin na Kwatano amma na nahiya duka. Ke nan takarda ɗaya ta rufe ɓangarorin biyu na gadar Gamboru. Ban ce ta fara aiki a can ba. Ɗaya daga cikin membobinmu ya nuna min rasit bakwai na lodi ɗaya na kayan masarufi da ya kai Njamena, harsuna biyu, kuɗi iri biyu, ban da abin da ya ce ya bayar a shingayen da ba a ba da rasit, waɗanda ba zan ce na wace ƙasa ba ne.

Amma an nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A Oktoban 2018 aka buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme, inda aka tsara jami'an Najeriya da na Benin su yi aiki a harabar guda. A Nuwambar 2022 aka buɗe irinsa a Mfum ta jihar Kuros Riba tare da sabuwar gada, kuma wannan tsakanin Najeriya da Kamaru ne, wato a kan katangar nan da ta raba gidajen biyu. In an iya a Mfum, ban ga abin da zai hana a Gamboru ko Banki ba in hanya ta samu lafiya. A Yunin 2025 kuma aka zaɓi shugaban kwastam na Najeriya, Bashir Adewale Adeniyi, ya jagoranci majalisar Hukumar Kwastam ta Duniya. A ra'ayina wannan lokaci ne da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar Maiduguri su rubuta buƙatar a takarda su miƙa, maimakon ƙorafi a rumfa.

To Alhajina na farko, a yi haƙuri, Alhaji na biyu ne ke da gaskiya. Takardar ECOWAS ba ta taɓa tsallaka gadar Gamboru ba, domin Fotokol ƙasar CEMAC ce, kuma kayan da za su Njamena sai sun shiga Kamaru a matsayin kayan wucewa da takardun can, sannan a biya harajin Chadi bayan gadar Ngeli. Mai rasit bakwai ya yarda in zo da kwafinsu zama na gaba, mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ga wanne na wace hukuma ne.